Digirin Gudanar da Kasuwanci

Digirin gudanar da kasuwanci digiri ne na farko da jami'o'i ke bai wa ɗalibin da ya karanci yadda ake tafiyar da kamfani ko ma'aikata, wato tsara aiki, da sarrafa kuɗi, da ɗaukar ma'aikata da kula da su, da kai kaya ko hidima hannun mai saye. A Najeriya ana yin sa cikin shekara huɗu, a Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kuwa shekara uku. Yana cikin kwasa-kwasan da suka fi tara ɗalibai a duniya. A Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na duk digirin farko da ake bayarwa a shekara na fannin kasuwanci ne.

Digiri ne mai faɗi. Wanda ya yi shi yana iya neman aiki a banki, ko kamfanin sadarwa, ko ma'aikatar gwamnati, ko asibiti, ko ya riƙe kasuwancin gidansu. Sai dai babu wani aiki guda da doka ta keɓe masa shi kaɗai, kamar yadda ta keɓe wa likita ko lauya nasu. Don haka abin da mai wannan digiri zai samu ya fi rataya a kan wurin da ya shiga aiki, da ƙwarewar da ya ƙara bayan jami'a, da shekarun da ya yi yana aikin, fiye da takardar ita kanta.

Suna

Turanci yana da kalmomi biyu da jami'o'i ke raɗa wa wannan kwas, ɗaya ta fi karkata ga tafiyar da ofis da bin ƙa'ida, ɗayar kuma ga jagorantar mutane da yanke shawara. Hausa ta haɗa su duka a kalmar gudanarwa, kuma ba a yi asarar komai ba, domin a yawancin jami'o'i darussan kusan iri ɗaya ne ko da wane suna aka rubuta a takardar. Wasu marubuta kan ce sarrafa kasuwanci, wasu kuma ilimin harkokin kasuwanci. Sunayen muƙaman da ke fannin kusan duk aro ne da ya zauna daram a bakin Hausawa: manaja, darakta, akanta, odita, kashiya. Kalmar manaja tana yawan ruɗar iyaye da sababbin ɗalibai, su ɗauka cewa duk wanda ya gama kwas ɗin manaja ne. Manaja muƙami ne da ake kaiwa bayan shekaru, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da shi ba wannan kwas suka karanta ba.

Tarihi

Kafin ƙarni na 19 galibi ana koyon kasuwanci ne a shago da wurin ubangida, ba a aji ba. Makarantar ESCP da aka buɗe a birnin Paris a 1819 ita ake ɗauka a matsayin makarantar kasuwanci mafi tsufa da ke aiki har yau. A Amurka, attajirin masana'antu Joseph Wharton ya ba da kuɗin kafa makarantar Wharton a Jami'ar Pennsylvania a 1881, sannan Jami'ar Harvard ta buɗe tata a 1908 tare da digiri na biyu da aka sani da MBA. Abin da ya kawo buƙatar shi ne girman kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe, waɗanda suka kai inda mai kamfani da 'ya'yansa ba za su iya sa ido a kan komai ba, dole a ɗauki ma'aikatan da aikinsu shi ne kula da aikin wasu.

Mutum biyu da ake fara koyar da ra'ayoyinsu a ajin farko duk injiniyoyi ne. Frederick Taylor ya fitar da littafinsa a 1911 a kan auna lokacin da kowane motsi na lebura ke ci don a rage ɓarna. Henri Fayol, wanda ya shugabanci wani kamfanin haƙar ma'adinai a Faransa, ya kasa aikin shugaba gida biyar a 1916: tsarawa, da shirya ma'aikata da kayan aiki, da ba da umarni, da daidaita sassa, da bin diddigi. Daga baya Peter Drucker ya yaɗa ra'ayin gudanarwa ta hanyar gindaya manufofi a 1954.

A Najeriya fannin ya shiga jami'a ne a shekarun farko na samun 'yancin kai, lokacin da ake neman 'yan ƙasa da za su gaji kujerun da Turawa suka bari a gwamnati da kamfanoni. Kasuwanci yana cikin tsangayoyin da Jami'ar Legas ta fara da su a 1962. A Arewa, Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama ɓangaren jami'ar a 1962. An kafa Makarantar Kasuwanci ta Legas a 1991, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote.

Shiga da abin da ake karantawa

Mai neman kwas ɗin a Najeriya yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. A jarrabawar JAMB yawanci ana haɗa Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki da wani darasi ɗaya na zamantakewa ko kasuwanci. Wanda ya riga ya yi difloma ko makamanciyarta yana iya shiga aji biyu kai tsaye ya gama a shekara uku. Kwalejojin kimiyya da fasaha ma suna koyar da fannin a matakin ƙaramar difloma da babbar difloma.

Darussan sun haɗa da aikin akanta, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, tallace-tallace, kula da ma'aikata, sarrafa kuɗin kamfani, tsarin samar da kaya, da dabarun gogayya a kasuwa. A shekarar ƙarshe ɗalibi yana rubuta kundin bincike. Akwai ɗaliban da ke zaɓen kwas ɗin don gudun lissafi, sai su tarar da shi yana jiransu tun zangon farko, kuma darussan da ke da lissafin su ne suka fi tsada a kasuwar aiki. Tun Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsayar da kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika gwargwadon buƙatun yankinta.

Matsayin sakamako yana da tasiri a kan aikin farko. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama daga 3.50, daraja ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Manyan kamfanoni da yawa ba sa duba takardar wanda bai kai 3.50 ba idan suna ɗaukar sababbin ma'aikata.

Ayyukan da ake samu

Banki shi ne wurin da ɗalibai suka fi hange. Bankuna kan ɗauki matasan da suka gama hidimar ƙasa, su yi musu jarrabawa, su horar da su na 'yan watanni, sannan su rarraba su a sassa: karɓa da biyan kuɗi, kula da abokan hulɗa, tantance masu neman bashi, ko nemo sababbin masu ajiya. Wannan sashe na ƙarshe yana zuwa da adadin kuɗin da ake so ma'aikaci ya jawo a wata, wanda ya kasa cika shi a kai a kai kujerarsa tana rawa. Abu biyu ne ba a cika gaya wa ɗalibi ba. Na farko, tallar aikin sau da yawa tana zuwa da iyakar shekaru, galibi ƙasa da talatin, abin da ke cutar da ɗaliban jami'o'in gwamnati waɗanda yajin aiki ke cinye wa lokaci. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Na biyu, da yawa daga cikin waɗanda ake gani a bayan kanta ba ma'aikatan bankin ba ne, 'yan kwantiragi ne da wani kamfani ya kawo, albashinsu bai kai na ma'aikacin dindindin ba ko da aikinsu ɗaya, kuma hanyar ƙarin girma a gare su ƙunci ce. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank a 2019, sun buɗe ƙofa ga matasan da a da ke gudun aikin banki saboda riba.

Kamfanonin da ke yin kayan masarufi, siminti, taki, lemo da sabulu, da kamfanonin sadarwa, suna ɗaukar masu wannan digiri a sashen sayarwa da rarraba kaya. Aiki ne na yawo tsakanin diloli da manyan kasuwanni, ana lissafin abin da ya fita daga sito da abin da ya dawo, kuma wani ɓangare na kuɗin shiga kamasho ne. Ba shi da kwalliyar ofis, amma a nan ne matashi ke saurin sanin yadda kasuwa ke tafiya, kuma mai kawo ciniki yakan riga mai zaman tebur samun ƙarin girma. Akwai kuma sashen ma'aikata, da sashen saye, da kula da sito da jigila.

A aikin gwamnatin tarayya mai digiri na farko yana shiga a mataki na 08, yawanci a matsayin jami'in mulki, ko na tsare-tsare, ko na kasuwanci. Ƙarin girma yana zuwa bayan shekara uku a matakan tsakiya, shekara huɗu a na sama, har zuwa mataki na 17 na darakta, kuma ana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Albashin ma'aikatu ba shi da yawa, abin da ke jan mutane shi ne tabbacin aiki da fansho. Hukumomin da ke da tsarin albashinsu na daban, irin su Babban Bankin Najeriya da hukumar tara haraji ta tarayya, suna biya fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa gurbinsu ke da wuyar samu. Masu babbar difloma sun daɗe suna kukan cewa ana fifita masu digiri a kansu wajen matakin shiga da iyakar inda za su kai.

Ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa, musamman a Arewa maso Gabas, sun ɗauki matasa da dama a aikin ofis, kuɗi, saye da jigilar kaya. Biyan yana da kyau idan aka kwatanta da na gwamnati, amma kwantiragin yana ƙarewa da ƙarewar tallafin, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta datse ayyukan hukumar USAID. Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya zama a jami'a ya koyar, amma sai ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na digirgir.

Kasuwancin kai da na gida

A garuruwa irin su Kano, ɗalibai da yawa da ke wannan kwas 'ya'yan 'yan kasuwa ne, kuma shagon gida ne zai karɓe su bayan hidimar ƙasa. Kasuwannin Kantin Kwari, Singa da Dawanau suna da nasu tsarin horo tun kafin jami'a: yaro ya zauna da ubangida shekaru yana koyon kaya da mutane, daga baya a sallame shi da jari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma ba tare da ya taka jami'a ba, kuma ana yawan kafa hujja da irinsa a ce digirin ba shi da amfani.

Hujjar tana da rabin gaskiya. Aji ba ya koyar da sanin wanda za a ba bashi da wanda za a hana, ko lokacin da ya kamata a saki hatsi daga sito. Abin da yake koyarwa shi ne daidai inda kasuwancin gida ya fi yin tuntuɓe: raba aljihun mai shago da na shago, rubuta shiga da fita, bambanta ciniki da riba, lissafin abin da kayan da suka kwanta ke ci, da shirya takardun da banki ko babban kamfani zai nema kafin ya yi hulɗa da mutum. Yana kuma koyar da tsara wanda zai gaji ragamar kasuwanci, matsalar da ke wargaza dukiya da yawa bayan rasuwar mai ita. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a hukumar CAC, ba sai ya nemo abokin tarayya ba, hukumar SMEDAN da Bankin Masana'antu kuma suna da shirye-shiryen horo da rance ga ƙananan sana'o'i. Digirin dai ba ya zuwa da jari.

Albashi

Alƙaluman da suka fi yawo a intanet game da wannan digiri na Amurka ne, kuma suna buƙatar a karanta su da hankali. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na ƙasar ya nuna cewa a Mayun 2023 tsaka-tsakin albashin masu muƙaman gudanarwa ya kai dala 116,880 a shekara, na ayyukan kasuwanci da kuɗi dala 79,050, na dukkan ma'aikata kuma dala 48,060. Tsaka-tsaki a nan yana nufin rabin ma'aikatan suna sama da adadin, rabi suna ƙasa. Adadi na farko albashin waɗanda suka riga suka zama manajoji ne, ciki har da injiniyoyi da masana kwamfuta da ke shugabantar sassansu. Ba albashin wanda ya fito daga jami'a bara ba ne. Mayar da shi naira a yi mafarki da shi kuskure ne, domin haya da inshorar lafiya da bashin karatu na can ma da dala ake biyansu.

A Najeriya akwai wasu alƙaluma da ke nuna inda ƙasan tsanin yake. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, alawus ɗin masu hidimar ƙasa kuma ya koma 77,000 daga 33,000. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka akwai ƙananan kamfanoni da makarantun kuɗi da ke biyan mai digiri ƙasa da abin da yake karɓa lokacin hidimar ƙasa. A ɗaya ƙarshen akwai kamfanonin mai da gas, manyan kamfanonin sadarwa, kamfanonin ba da shawara da binciken kuɗi, da manyan bankuna, inda sabon ma'aikaci ke farawa da ninkin wancan sau da dama. Abokan aji biyu masu sakamako ɗaya suna iya rabuwa da tazara mai yawa tun shekarar farko saboda ƙofar da kowa ya shiga.

Lambar da ke takardar ɗaukar aiki ba ita ke shiga asusu ba. Ana cire haraji, ana kuma cire aƙalla kashi 8 na fansho, mai aiki ya ƙara kashi 10 nasa, bisa dokar fansho ta 2014. Sannan akwai darajar kuɗin. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 a ƙarshen wannan shekarar. Naira 30,000 na 2019 ta fi dala 80, amma 70,000 na 2024 ba ta kai dala 50 ba. Ma'aikacin da aka ƙara wa albashi a wannan tsakanin yana iya kasancewa ya koma baya. Wurin zama ma yana shiga lissafi, domin albashin Legas ko Abuja da ya ninka na Gusau yana iya ƙarewa a haya da kuɗin mota.

Alƙaluman rashin aikin yi su ma suna da tarko. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka ƙaru haka ba, ma'aunin aka sauya, ya zama duk wanda ya yi aikin kuɗi na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Binciken hukumar ya nuna sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar suna cikin sana'o'in da ba na albashin ofis mai rajista ba, wanda ke nufin kujerun da masu digiri ke rububi a kansu kaɗan ne.

Takardun ƙwarewa da digiri na biyu

Tunda digirin bai keɓe mutum ga sana'a guda ba, yawancin masu ci gaba da sauri su ne waɗanda suka zaɓi reshe ɗaya suka zurfafa. Mai son aikin akanta yana zana jarrabawar ICAN, wadda dokar 1965 ta kafa, ko ta ANAN, ko ta ACCA ta Birtaniya. Mai son sashen ma'aikata yana bin CIPM, ma'aikacin banki CIBN, mai aikin haraji CITN. Cibiyar Gudanarwa ta Najeriya, NIM, wadda aka kafa a 1961, tana da shirin horo ga masu hidimar ƙasa. Ga masu harin kasuwar hannun jari akwai jarrabawar CFA mai matakai uku, ga masu kula da manyan ayyuka kuma takardar PMP. Iya sarrafa alƙaluma a manhajar Excel da rubuta rahoto mai ma'ana da Turanci suna raba masu neman aiki tun a zagayen farko, ko da yake ba su da wata takarda mai hatimi.

MBA digiri ne na biyu da aka tsara wa wanda ya riga ya yi aiki na wasu shekaru, kuma kowane mai digiri yana iya yin sa. Tim Cook na kamfanin Apple injiniya ne da ya yi MBA a Jami'ar Duke, Sundar Pichai na Google ma injiniya ne da ya yi nasa a Wharton. Wannan yana nufin mai digirin gudanarwa yana gogayya a kan kujerar manaja da mutanen da suka zo da wata ƙwarewa daban suka ɗora ilimin gudanarwa a kai. Wanda ya wuce MBA kai tsaye daga hidimar ƙasa don bai sami aiki ba yakan fito ya tarar kasuwar tana tambayarsa abin da ta tambaye shi tun farko, wato ina ya taɓa aiki. Masanin gudanarwa ɗan Kanada Henry Mintzberg ya yi wannan suka a wani littafi na 2004, inda ya ce ba a mayar da wanda bai taɓa riƙe mutane ba manaja a cikin aji.

A Jamhuriyar Nijar

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin matakai uku na Faransa: lasisi a shekara uku, masta bayan ƙarin biyu, sannan dakta. Ana koyar da gudanarwa tare da tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai kuma makarantu masu zaman kansu da dama. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda ta haɗa ƙasashe 17 a kan dokar kasuwanci ɗaya da tsarin akanta ɗaya, don haka abin da ɗalibi ya koya a Yamai yana aiki a Kwatano ko Abijan ko Dakar, inda cibiyar CESAG ke horar da manyan ma'aikatan yankin. Albashin da ake biya da sefa bai fuskanci irin faɗuwar da naira ta yi ba, saboda an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957. Matasan da suka iya Faransanci da Turanci da Hausa suna da daraja ta musamman wurin kamfanonin da ke ciniki tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano, inda takardun kwastan ke zuwa da harsuna biyu, cinikin kansa kuma da Hausa ake yin sa.